Fatar da Ba Ta da Huda

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayata. Waɗanda suka kalli talabijin tun yana baƙi da fari sun san ta da Rim. Mu a gida Abarta muke ce mata, ni kuma nakan ce mata Yaya. Duk shekara idan watan ya zagayo sai wani cikin tsofaffin abokan aikinta ya rubuta cewa ta kasance uwa ga namun daji, an yi rashin da ba a mayarwa. Nakan karanta, in ninke jaridar, in ɗora mata kwanon manne. Bana na ce bari ni ma in faɗi nawa, ko da yake rubutu ba sana'ata ba ce. Ni baduku ne a kasuwar Umdurman, ɗan baduku, kuma ba kewa kaɗai ta tayar mini da maganar ba. Akwai wata fatar damisa a cikin adakar ƙarfe a ƙuryar shagona, ɗana Usman kuma zai yi aure bayan Sallah.

Sai na fara da sunan, don ba a gane Yaya sai da shi. Kafin a haife ta Inna ta binne 'ya'ya uku a Jazira, lokacin Baba yana tsinkar auduga a gonar wani, kowanne bai kai yaye ba. Da aka haifi ta huɗu, kakarmu, wadda ta taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa da niyyar Hajji ta ƙare a bakin Nilu, ta ce wannan a kira ta Abarta, wato roƙo ne ga Mai Sama a bar mana wannan ɗin. Sunan yanka Hauwa'u, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba sai limamin da ya yi mata salla. Ran suna Baba ya ƙara nasa a kai. Ya miƙe a gaban mutane ya ce in Allah ya raya masa wannan yarinya, ba zai ɗaga mata hannu ba, ba zai hana ta abin da ba saɓo ba har ya mutu. Mutane suka ce amin, suka ci tuwonsu, suka manta. Shi bai manta ba.

Ni da na biyo bayanta ban samu wannan gata ba. An dake ni a kan karatu, an dake ni a kan basilla, an hana ni ƙwallo. Ita kuwa ta hau bishiya, ta bi 'yan makaranta wasan kwaikwayo, ta je gidan rediyo ta karanta muryar yarinya a wani shiri. Lokacin mun dawo Umdurman, Baba ya koma dukancin da ya gada. Ran da aka fara ganin fuskarta a akwatin talabijin na kulob ɗin unguwa, dattawanmu biyar suka zo da carbinsu suka zauna a kan angarib, gadon nan na igiya, a ƙofar gida. Suka ce wa Baba 'yar Hausawa, jikar masu tafiya Hajji, ba ta tsayawa tana tafa hannu da maza a gaban duniya. Ya ba su shayi. Ya ce, "Kuna nan ran suna. Na riga na faɗa." Iyakar amsar da suka samu ke nan.

A gidan talabijin aka ce Abarta ba zai zauna a bakin masu kallo ba. Wani mai shirya wasa ya dubi wuyanta da idanunta ya raɗa mata Rim, farar barewa da Larabci. Ta karɓa ba musu. Ta goge Hausa daga harshenta har ba mai jin ɗuriyarta, aka daina ba ta matsayin mai tallan gyaɗa, ta koma maƙwabciya mai baki a wasannin da ake nunawa bayan shan ruwa da azumi. Zan faɗi gaskiya tunda ni ƙaninta ne: ba ta iya kuka ba. In ta yi kuka a wasa Inna takan ce, "Wannan albasa ce." Amma faɗa da dariya, waɗannan nata ne na gida, haka take yi mana a tsakar gida, aka ɗauka aka kai wa ƙasa baki ɗaya.

Yanzu sai maganar sana'armu. Markub shi ne takalmin fata na maza da ake sawa da farar jallabiya da rawani. Akwai na fatar akuya, akwai na maraƙi, akwai na mesa, sama da su duka akwai na damisa. A zamanin Baba in ango ko babban attajiri ya shigo taro, ƙafarsa ake fara duba. Baba kuma shi ne gwanin na damisa a layinmu. Yana da ɗabi'a guda da kowa ya sani. In mai fata ya kawo, sai ya fita bakin ƙofa ya ɗaga ta sama da hannu biyu yana duban rana ta cikinta. In haske ya ratso ko ta ina, sai ya miƙa wa mai ita ya ce, "Ba na sayen mai huda." Hudar harsashi ko ta mashi tana ɓata yankan, ba a samun ƙafa biyu masu zane iri ɗaya. Mun tashi muna jin wannan magana kamar sallama. Yaya har kwaikwayonsa take yi da tabarmar salla, mu yi ta dariya.

Wata shekara da rani aka tura ta dajin Dindir da masu ɗaukar hoto, za a yi shirin yara a kan dabbobi. An zaɓe ta ne don fuskarta sananniya ce, ba don ta san barewa da gada ba. Ta tafi tana mitar sauro. A can masu gadin daji suka nuna musu tarin tarkon waya da suka kwance, ɗaya daga cikinsu ya yi musu bayani. Ya ce mafarauta ba sa harbin damisa, domin 'yan kasuwar birni ba sa sayen fata mai huda. Tarko suke sa mata, in ya kama ta a ƙafa ko a ƙugu sai su yi nisa su jira. Kwana biyu, kwana uku, a cikin wannan rana, har ƙishirwa ta gama musu aiki, sannan su zo su feɗe a tsanake. Mutumin bai san 'yar wa yake gaya wa ba.

Ta dawo gida. Ta zo shago da hantsi, ta gaishe da Baba, ta ce ya ara mata markub ƙafa biyu na damisa za ta yi aiki da su. Ya zaɓo mata mafi kyau, ya goge da hannun rigarsa. Ran Juma'a da la'asar muna zaune a gida, da maƙwabta da yaransu, sai ga ta a akwatin, ba kwalliya, da takalmin a hannu. Ta ce wannan aikin mahaifinta ne, kuma duk kasuwar Umdurman ba wanda ya kai shi. Ta ce sunanta na gida Abarta, 'yar baduku ce, da wannan takalmi aka ciyar da ita aka kai ta makaranta. Sannan ta ɗaga shi sama kamar yadda Baba yake yi, ta ce wa mutane su duba, babu huda, ta gaya musu abin da ya sa babu.

Ba wanda ya motsa a tsakar gidanmu. Maƙwabta suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Baba ya kalli shirin har ƙarshe, har rubutun sunaye, sannan ya tashi ya yi alwala.

Washegari layin dukawa ya ɗauki zafi. Wanda bai taɓa sayar da ko igiyar takalmin damisa ba ma ya zo yana kumfar baki. Dattawan nan suka dawo, wannan karon har da 'yan kasuwa, suka ce ta tona asirin sana'a, ta kuma tona asalinta a gaban waɗanda dama suke kiranmu baƙi bayan an haife mu a nan. Wani ya ce wa Baba, wanda suke kira Usta, wato gwanin sana'a, "Usta, kalma ɗaya kawai. Ka ce mata kalas, ta bari." Na dubi Baba. Na tabbata a ranar yana son faɗin kalmar nan fiye da yadda yake son ruwa. Ya ce, "Na riga na faɗa," ya ci gaba da huda fata da basilla.

Bai taɓa ce mata ta yi daidai ba. Wata shida in ta zo gida yana amsa gaisuwarta, ya tambayi aiki, shi ke nan. Amma daga ranar bai sake fita bakin ƙofa ya ɗaga fata ba. Ya ci gaba da ta mesa shekara biyu, sannan ita ma ya bar ta ba tare da ya ba kowa dalili ba. A lokacin fatar damisa guda ta rage masa, wadda ta fi duk waɗanda suka taɓa ratsa hannunsa, kuma don aurena ya ajiye ta. Saura wata biyu bikin ya ninke ta da ganyen darbejiya ya sa a adaka ya kulle. Aka ɗaura mini aure da markub na akuya, ni ɗan gwanin damisa. Na ga idanun dangin amarya suna sauka ƙafata suna tashi. Na ji kunya a ranar, na kuma ji haushin Yaya, haushin da ya daɗe fiye da yadda ya kamata. Ta zo bikin ta yi guɗa ta fi kowa, ban ko dube ta ba.

Daga nan aikinta ya juya. Aka ba ta shirin mako a kan namun daji, ta riƙe shi shekaru. Ta bi makarantu da hotuna a jaka, ta kai yara gidan namun daji na bakin kogi, ta kai su dajin bagaruwa da ke gefen Farin Nilu su ga tsuntsayen da ke sauka da sanyi. Takan tsokane ni ta ce ni bagaruwa jima kawai na sani da ita. Masu shirya wasa suka fara tsallake ta, suka ce mutane in sun gan ta kura da kada suke tunawa, ba za su yarda maƙwabciya ce ba. Ta yi kewar wasan, ta faɗa mini da bakinta. An taɓa shirya taron karrama ta a wani zaure a Khartum, na je don Inna ta matsa. Na zauna a baya, amma idon baduku ba ya barin ƙasa. A sahun gaba na ƙirga mutum uku da damisa a ƙafa, ɗaya kuma aikin Baba ne, na gane ɗinkin. Da na gaya mata a mota ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Ya zol," wato kai mutumin nan, "ai gara da suka zo. Da takalmin suka tafa mini."

Shin ta ci nasara? Masu rubutun yabo suna cewa ta canza tunanin al'umma. Ni da nake zaune a kasuwa ban ga haka ba. An rage, an ɓoye, an daina ratayewa a bakin shago, amma mai so ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa har gobe. Abin da na tabbatar shi ne layinmu na dukawa goma sha ɗaya, huɗu sun bari, Baba ne na farko. Ban san ko damisa nawa hakan ya bari a daji ba, ita ma ba ta sani ba.

Baba ya rasu bai buɗe adakar ba. Da aka zo rabon kayansa Inna ta ce ya bar wasiyya fatar tawa ce. Yaya ta so in ba ta ta nuna wa 'yan makaranta, na ƙi. Ba don ina da niyyar yankawa ba, don dai in nuna mata akwai abin da za a iya hana ta. Ta dube ni ta ce, "Tamam," wato shi ke nan, ba ta sake tayar da maganar ba sai a wani asibiti a Soba, shekaru bayan haka, da ciwo ya ci jikinta har zoben hannunta yana zamewa. Na kai mata kunun gyaɗa da azahar. Ta sha cokali biyu ta ture.

"Tanko, fatar nan tana nan?"

Na ce tana nan, duk shekara ina fito da ita ta sha iska, in shafa mata mai.

"Ka zaci zan ce ka ƙone ta ko?"

Na ce haka na zata.

"A'a wallahi. Ni ba a taɓa hana ni komai ba, ban iya hana wani ba. Taka ce. Kai dai ka san abin da ka sani."

Daga nan ta koma yi mini tsiya a kan furfurata. Bayan kwana tara ta cika. Wannan ce kaɗai maganar da muka taɓa yi a kan abin da ya shiga tsakaninmu, ban kuma ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta ba ni ba. Ina jin zafin wannan har yanzu.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da yau. Inda gidan namun daji yake a da, yanzu dogon otal ne, ta ga rufewar gidan amma ba ta ga ginin ba. Kasuwa ta cika da markub na roba mai zanen damisa, ana kawo su a kwali daga waje, samari suna saye suna ɗaukar hoton ƙafarsu da waya. Ina jin wannan zai ba ta dariya, wataƙila ma ta ce roba ta yi aikin da ita ta kasa, ko da yake ni roba ta kusa kashe mini sana'a. Jikokin 'yan uwanmu da ke unguwar Dar Salam in ka ce musu Abarta sai su tambaye ka da Larabci me ake nufi. Rim kuwa ta cika gari, a layinmu kaɗai akwai uku, kuma uwar ɗaya ta ce mini don 'yar talabijin aka sa. Ban gaya mata sunan aro ba ne.

Makon jiya baffan yarinyar da Usman zai aura ya zo daga unguwar Hilla Kuku. Alhaji Babikir, mutumin kirki, ɗan kasuwar hatsi, ya san Baba. Na sa aka kawo mana jabana, wato gahawa, muka sha kofi biyu, sannan ya kawo abin da ya kawo shi. Ya ce, "Usta Tanko, gari ya san akwai fata a gidan nan. Ango daga gidan Usta, ya fito da akuya? Mutanena za su ce an raina su. Kuma dabbar nan ta mutu tun ba a haifi yaron ba. In ka yanka wa ka cuta?"

Maganarsa tana kan hanya. Wanda ya hana ya tafi, wadda aka yi dominta ta tafi, ita ma cewa ta yi tawa ce. Ni kuma na san abin da ake ji idan idanu suka sauka a ƙafar ango, ba na so Usman ya ɗanɗana. Na ce wa Alhaji ya ba ni kwana biyu.

Da safe kafin kasuwa ta cika na buɗe adakar. Fatar ta yi laushi kamar jiya aka jeme ta, Baba bai taɓa yin aikin wasa ba. Na shimfiɗa ta a kan benci, na ɗora takardar awon ƙafar Usman, na ga inda zane zai haɗu ƙafa da ƙafa, na wasa wuƙa. Sai hannuna ya yi abin da ya gani tun yana ƙarami. Na ɗauke ta na fita bakin ƙofa na ɗaga ta sama ina duban rana. Na bi ta daga wuya har gindin wutsiya. Ko hudar allura babu. A ƙafar baya ta hagu kawai akwai wani zobe siriri inda gashi bai fito daidai ba, faɗin waya. Shekara talatin da wani abu ina shafa wa fatar nan mai, ban taɓa yarda na duba wurin ba.

Na daɗe a tsaye har mai shayi na tsallake ya tambaye ni ko lafiya. Na koma ciki na ninke ta. Na ɗauko jar fatar akuya, mafi kyau da nake da ita, na yanka a kan awon Usman. Jiya na hau mota na je Hilla Kuku na gaya wa Alhaji Babikir da bakina. Bai ji daɗi ba, bai ɓoye ba. Ya ce, "Ma'alesh," wato ba komai, "gidanku dama haka kuke," ya raka ni bakin titi. Biki yana nan yadda aka sa, za a duba ƙafar ɗana, za a yi magana, na sani.

Abin da ya rage na Yaya a wurina bai kai abin da ake rubutawa a jarida ba. Ba ni da kaset ɗinta ko ɗaya, sai hoto guda da ta ɗauka a Dindir tana kare rana da hannu. Muryarta ta fara ɓace mini, sai in na ji wata tana faɗa a kasuwa. Damisa ba ta san da ita ba, masu sa takalmin ba su fasa ba. Amma mutum biyu da suka fi kowa sanin darajar fatar nan sun riƙe wuƙa a kanta sun ajiye, ba tare da ta ce wa ɗayanmu kada ba.

Adakar za ta koma hannun Usman wata rana. Ban yi masa wasiyya ba, ban ce masa kada ya yanka ba. Da ya zo gwada takalminsa na fito da fatar, na kai shi bakin ƙofa, na sa ya ɗaga ta da hannu biyu. Ya ce, "Yaba, me zan duba?" Na ce ya nemo mini huda. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce babu. Na ce to ya zauna, zan gaya masa abin da ya sa babu, da sunan wadda ta gaya mana.